Neman kalma: me za mu kira "quilt" da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Wata kalmar Turanci ce, "quilt", ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo ta gabanku mu yanke shawara tare.

Maƙwabciyata a nan Houston ta Amurka, wata dattijuwa, ta saba ganina da dare a bayan gida ina leƙen sama da madubin hangen taurari. Sai ta ce in raka ta baje kolin ɗinkin "quilt" da ake yi duk shekara a zauren George R. Brown, za ta nuna mini taurarin da aka yi da allura. Ban san komai a kan wannan ɗinki ba, na bi ta ne don girmamawa. Muka shiga da hantsi, ban fito ba sai bayan la'asar.

Ga yadda abin yake. Shimfiɗa uku ce. Ta sama ƙyallaye ne da aka yayyanka aka harhaɗa gida-gida, a tsakiya auduga, a ƙasa yadi. Sai a bi ukun da ɗinki, layi bayan layi, don kada audugar ta dunƙule wuri guda. Wani na rufa ne lokacin sanyi, wani kuwa a bango ake rataye shi.

Taurari kam na gan su. Wanda ya fi tsayar da ni tauraro ne guda mai tsini 8, ya cika yadin baki ɗaya, an haɗa shi da ɗaruruwan ƙananan ƙyallaye, launi na bin launi daga ciki zuwa waje kamar haske na bazuwa. Mutanen Lakota, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, suna ɗinka irinsa, a wurinsu tauraron asuba ne, wato Gamzaki namu, kuma kyautar girmamawa ce. A nan dattijuwar ta ba ni labarin Karen Nyberg, 'yar sama jannatin da ta ɗinka gida guda, wato murabba'i ɗaya, mai siffar tauraro da hannunta a tashar sararin samaniya a 2013, inda ƙyalle ba ya kwanciya, almakashi ma sai an manne shi kada ya tashi. Ta gayyaci maɗinka na duniya su aiko nasu, aka samu sama da 2,000, aka haɗa su aka baje a 2014, shekarar da bikin ya cika 40.

Ashe abin tsoho ne. A 1876 Ellen Harding Baker ta jihar Iowa ta zana rana da duniyoyin da ke zagaye ta a kan irin wannan ɗinki, har da zoben Zuhalu, tana ɗaukarsa gari-gari tana koyar da ilimin taurari. Harriet Powers kuma, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Jojiya a 1837, ta ɗinka daren da taurari suka yi ta zubowa a Nuwamban 1833. Ba a haife ta ba a lokacin, a bakin manya ta ji, ta adana shi da zare. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Da na koma gida na kira Inna in ba ta labari, a nan magana ta maƙale. Na ce bargo, ta ce ai bargo a kasuwa ake saye, me zai sa a yi masa biki? Na ce gwado, na ce luru, amma waɗannan saƙa ce, masaƙi ke fitar da su, babu cushe a ciki. Zanen gado ba shi da kauri. Katifa a kanta ake kwanciya. "Bargon faci" ya zo mini, na ƙi shi, domin faci da maho na abin da ya yage ne, su kuwa matan nan sabon yadi suke yankawa da gangan, wata ta shekara tana aiki guda.

Kawuna yana kusa yana jin mu, sai ya karɓi wayar. Ya ce, "Ɗana, sake faɗa mini yadda ake ɗinka shi." Na maimaita. Ya ce, "Yadi sama, yadi ƙasa, cushe a tsakiya, a bi da ɗinki? Ai lifidi ke nan." Na ce, "Wallahi Kawu, shi ne."

Duk wanda ya kalli hawan sallah ya ga 'yan lifida, doki da mahayi cikin ɗinki mai cushen audugar rimi, sau da yawa ƙyallaye kala-kala a jere. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, wajen shekara 600 ke nan. Dabarar ɗinkin ɗaya ce, kuma tuni muna da sunanta.

Saboda haka ga abin da na tsayar: bargon lifidi, jam'i bargunan lifidi. Aikin kansa ɗinkin lifidi. Harhaɗa ƙyallayen sama, haɗin ƙyalle. Kowane murabba'i kuma gida, kamar yadda muke cewa yadi mai gida-gida. Sai mu ce Nyberg ta ɗinka gida ɗaya na bargon lifidi a sararin samaniya, kuma na gwada jimlar a kan Inna ta gane ba tare da ƙarin bayani ba.

Wani abokina ya ce lifidi kayan yaƙi ne, bai dace da abin da uwa ke lulluɓa jaririnta da shi ba. Na ji maganarsa, shi ya sa na sa bargo a gaba. Kuma su ma Turawa da sun sa rigar yaƙi mai irin wannan cushe a ƙarƙashin sulke, asalin kalmar tasu ta "quilt" ma daga Latin take, tana nufin shimfiɗa mai cushe.

Inda na tsaya shi ne wanda ba a rufa da shi, sai dai rataya. In kira shi bargo ko da ba wanda zai kwana a cikinsa, ko in ce lifidin bango? Mutanen Kano da Katsina da Damagaram, musamman wanda gidansu ake ɗinka lifidi, ku faɗa mini yadda kunnenku ya ji shi.