Musayar waƙa: ɗan Teksas a gaban makaɗan Mosko

Malam Mai Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na ci karo da tsohon bidiyo, baƙi da fari, na Van Cliburn, Ba'amurke, yana kaɗa babban kiɗan fiyano na ɗaya na Tchaikovsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, a Mosko a 1958, shekarar da ya lashe gasar Tchaikovsky ta farko. Barci ya ƙi zuwa sai da na yi baitoci. Amsa-amon yau "ya" ne, wanda ya karya shi ke sayen shayi.

Wani yaro na gani a daren jiya,
Dogo, siriri, sai ka ce sillen tsintsiya,
Shekara 23 kacal gare shi a duniya,
Daga Teksas ya taso, ya sha tafiya.

Ƙaho ya yi kira, goge ya ɗau murya,
Ya saukar da yatsu goma gaba ɗaya,
Uku-uku yake hawa, bai ɓata hanya,
Kai a sama, ido a lumshe, aiki na zuciya.

Kondrashin madugu na jan makaɗa a baya,
In yaro ya sassauta, su ma su tsaya,
Kamar 'yan amshi da suka san murya,
Ba mai riga wani, ba mai jayayya.

Gagarabadau:
Allah gafarta Malam, zan ɗan ja.

A rage zuga, Malam, mu faɗi gaskiya,
Siyasa ce ta kaɗa, yaro ya sha miya.
A 1957 Sputnik, tauraron ɗan'adam na Sobiyet, ya keta samaniya,
Amurka ta sunkuyar da kai don kunya.

Wata shida bayan nan Mosko ta shirya,
Gasa don ta gwada wa kowa ta iya,
Alƙalai ba su yanke ba sai da suka tambaya,
A fadar Khrushchev, shugaban Sobiyet. Ko na yi ƙarya?

Goggon Damagaram:
Ɗana, ka ɗauko zance ka zubar da rabi a hanya,
Zauna in ƙarasa maka, ban da hayaniya.
Gilels, shugaban alƙalai, shi ya kai tambaya,
Don tsoron zamanin nan ba abin dariya.

Khrushchev ya ce, "Shi ya fi?" Aka ce, "Ba jayayya."
Ya ce, "To ku ba shi." Ina laifin mai iya?
Izini aka nema don a faɗi gaskiya,
Ba a ce a ɗora gurgu a kan taguwa ya yi tafiya.

Kafin hukuncin ma, zaure ya miƙe gaba ɗaya,
Minti 8 ana tafi, hannu bai ji wuya,
Wa ya aiko su? Ana tsakar cacar ƙiyayya,
Ranar wanka, ɗana, ba a ɓoyon cibiya.

Malam Mai Alƙalami:
Goggo, Allah ya ƙara girma. Ga abin da ya fi ɗaure min kai.

Kiɗan nan da kuke ji, shi ma ya sha wuya,
A 1874 Tchaikovsky ya gama shi, ya shirya,
Ya kai wa Nikolai Rubinstein don soyayya,
Gwanin Mosko ya ce ba ya kaɗuwa, tarkace ne da tsiya.

Mai kiɗa ya ce ba zai sauya ko ɗigo ɗaya,
Ya miƙa wa von Bülow, Bajamushe, ya yi tafiya,
A Boston, 1875, aka fara jinsa a duniya,
Abin da gida ya raina, baƙi suka saya.

Kiɗan fiyano na uku na Rachmaninoff ɗan Rasha, mai karya wuya,
Wanda Cliburn ya haɗa da shi a zama ɗaya,
A New York, 1909, ya fara fito da murya,
Da hannun mai shi, ba aike, ba waya.

Malamar yaron ma, Rosina Lhévinne, dattijiya,
A Mosko ta yi karatu kafin ta canja nahiya,
Ita ta gyara masa hannu a makarantar Juilliard ta New York, ta nuna hanya,
To wa ya ci wa? Ƙwarya ce ta bi ƙwarya.

Gagarabadau:
Na je na kalla, data ta ƙare min ana tsakiyar kashi na farko, sai da na ci bashin kati.

Na yarda, Goggo, hannun nan ba na ƙarya,
Gashin jikina ya tashi, ban ji kunya,
Amma da ya koma gida aka tare hanya,
New York ta fito, takardu na zuba daga samaniya.

Faifansa ya haura miliyan, kowa na saya,
Wasu don kiɗan, wasu don a ce an rama jiya,
Nan kam na kafe, ko za a ja ni da igiya,
Mai tuta ya fi mai kunne yawa a taron.

Goggon Damagaram:
"Taron"? Ina "ya" ɗin ya shiga? Malam, rubuta: shayi na kan Gagarabadau. Nawa da madara, kar a cika sukari.