Tsarin rigar ulu ne, ni kuma da zaren lilin zan saƙa: me zan canza?

Mai Koyon Saƙa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tsarin wata riga mai gajeren hannu da aka rubuta don zaren ulu, ina so in saƙa ta da lilin saboda zafi. Tsarin ya ce ido (madaukin zare a kan allura) 22 da layi 30 a santimita 10, da allura mai milimita 4. A zagaye ake saƙa ta, gindi da wuya kuma saƙar tamƙe ce, ido ɗaya gaba, ɗaya baya. Ƙyallen da na gwada ya ba ni ido 21, amma ya fito da tauri kamar buhu, idanun wani babba wani ƙarami. Ƙirjina santimita 96 ne. In rage allura ne ko in canza lissafi?

Uwar Allura:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki taɓa lissafi tukuna, don awon da kika yi ba shi ne na gaskiya ba. Ulu yana miƙewa ya koma inda yake. Lilin daga karan tsiro ake samo shi, ba shi da wannan dawowar, in ya saki ya saki ke nan. Taurin da kika ji ma na sabunta ne, wanki yana sa shi laushi, idanun kuma su zauna daidai.

Ki sake ƙyalle mai faɗin santimita 15 aƙalla. Ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, sau biyu ma ya fi. In ya bushe ki rataye shi kwana ɗaya, ki maƙala masa abin maƙale shanya huɗu ko biyar a ƙasa don su yi masa nauyi irin na riga a jiki. Sannan ki auna tsakiya, ban da gefe. Ki ƙirga layi ma, nan ne aka fi yin asara.

Mai Koyon Saƙa:
Na gode Anti. Na yi yadda kika ce. Yanzu ido 20 ne, layi 26, kuma laushin ya yi mini.

Uwar Allura:
Madalla. Tunda laushin ya yi miki, bar allurar yadda take, lissafi za ki gyara. Rigar lilin ba ta son matsewa, ki ƙara santimita 8 a kan 96, ya zama 104. Ido 2 ne a kowace santimita, wato ido 208. Da kin bi girman 104 na tsarin, ido wajen 229 za ki ɗora, rigar ta fito santimita 114 da 'yan kai. Hanya mafi sauƙi, ki duba girman da adadinsa ya fi kusa da 208, zai faɗo wajen 94 ko 95, ki bi lambobinsa na faɗi.

Tsawo kuwa ki bi shi da tef, kada ki bi adadin layi. In hammata santimita 19 ce, tsarin zai ba ki layi 57. A hannunki layi 57 ya kai santimita 22, hammata ta zazzago ke nan. Layi 50 ya ishe ki, sai ki matso da rage-ragen ido kusa da juna don su ƙare cikin hamsin ɗin.

Yayar Masaƙa:
Lissafin nan ya yi. Ni abin da ya dame ni zagayen ne. Lilin in aka saƙa shi a zagaye yakan karkace gefe guda saboda murɗin zaren, kuma guga ba ta maganinsa. Ki raba gaba da baya, ido 104 kowanne, ki ƙara ido ɗaya a kowane gefe don ɗinki. Ɗinkin gefe da na kafaɗa su ne ƙashin rigar, su suke hana ta zubewa.

Saƙar tamƙen nan kuma ki cire ta. A ulu tana kama jiki, a lilin sai ta buɗe baki ta yi ta lilo. A gindi ki yi layi 6 zuwa 8 duk gaba, da allura mai milimita 3.5. Wuya ki rufe idanunsa da ɗan ƙarfi, musamman ta ƙeya, sannan ki tsinto sababbi ki yi siririn baki. Wuyan da aka bar idanunsa a buɗe aka zarce da saƙa, bayan wanki kaɗan sai ki gan shi a kafaɗa.

Mai Zare:
Ƙari kaɗan, ƙanwata. Ki sayi zare da mita, ba da giram ba, don lilin ya fi ulu nauyi, dunƙule mai nauyi ɗaya yakan zo da gajeren zare. Ki ja daga wajen dunƙulen, in kika ja daga ciki zai rushe ya harɗe. Allurar katako ko ta gora ta fi riƙe idanu, kuma kada ki ja zaren da ƙarfi don neman daidaito, ciwon yatsu kawai za ki samu. Sabon zare ki haɗa shi a gefe inda ɗinki zai rufe, ki bar jela santimita 15, ki raba silinta biyu ki cusa kowanne ta hanyarsa, don jelar lilin tana sulɓewa.