Muhawara: Royal Caribbean ya yi wa Carnival da MSC nisa, ko dai suna ne kawai?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Ni matsayina ɗaya ne. A cikin manyan kamfanonin jiragen ruwan shaƙatawa da ke kwasar kowa da kowa, wato Carnival, Royal Caribbean, Norwegian da MSC, Royal Caribbean ne a gaba, sauran na biye da shi. Ku dubi jirginsa Icon of the Seas da ya fara ɗaukar fasinja daga Miami a Janairun 2024. Tsawonsa kusan mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,300. Tun daga Oasis of the Seas na 2009 su ne ke fito da sabon abu, wasu su kwaikwaya. Carnival na masu son hayaniya ne, MSC kuma na masu neman araha. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Injiniya, girma ka lissafo mana, ba inganci ba. Ni da na ji mutum 7,600 a jirgi ɗaya, layi na fara hangowa: layin shiga, layin abinci, layin lif, layin sauka a kowace tasha. Mutum ya biya kuɗi don ya huta, sai ya ƙare da neman kujerar zama a bakin wurin iyo tun da sassafe?

Mai Lissafi: Hajiya, a nan zan ɗan kare Injiniya. Yawan mutane kaɗai ba ya nuna cunkoso. Masu harkar suna raba ma'aunin girman cikin jirgi da yawan fasinja don su ga filin da kowa ke samu. Icon na da kusan tan 250,000 a wannan ma'auni. In ya cika maƙil, kowane fasinja na da kamar 33. In mutum bibbiyu ne a kowane ɗaki, wato fasinja 5,610, adadin zai haura 44. Akwai jiragen da ba su kai rabinsa ba amma sun fi shi matsi. Sai dai lissafin nan ya nuna wani abu da Injiniya ba zai so ba: jirgi ɗaya, kamfani ɗaya, amma wanda ya hau lokacin hutun makarantu da wanda ya hau bayan yara sun koma aji, ba tafiya ɗaya suka yi ba.

Injiniya: Malam Mai Lissafi, ai ka ba ni gaskiya kenan. Sun san yadda ake rarraba jama'a. An kasa jirgin unguwa-unguwa, masu yara na gefe, masu son shiru na gefe.

Uwar Biyu: Yaya Injiniya, maganar da ka yi kan Carnival ce ban yarda da ita ba. Hayaniyar da ake jingina musu, mafi yawanta daga gajerun tafiye-tafiye take, na kwana uku ko huɗu da ke faɗowa ƙarshen mako, daga Florida zuwa Bahamas a dawo. Tikitinsu ya fi sauƙi, matasa ke cika su, da yawa kuma shaye-shaye da rawa suka kai su. Ko tambarin wane kamfani ke jikin jirgin, haka za ka tarar. Ni na taɓa faɗawa irin wannan tafiyar da yara, barcin kirki ya gagare mu saboda buga ƙofofi da ihun cikin dare. Ba zan faɗi jirgin wane kamfani ba ne, don kada a ce na ɗauki ɓangare. Amma tafiyar kwana bakwai zuwa Alaska, iyalai da dattawa za ka gani, kowa da tabaron hangen nesa yana neman kifin whale. Royal Caribbean ɗin ma ai sun sa Utopia of the Seas, sabon jirgi na 2024, a kan gajerun tafiye-tafiyen nan, don su ma kasuwar suke so.

Dattijo: 'Ya'yana, bari in koma baya kaɗan, don suna ba daga sama yake faɗowa ba. Ted Arison tare da Knut Kloster ɗan ƙasar Norway suka kafa kamfanin da ya zama Norwegian a 1966. Suka raba gari, Arison ya kafa Carnival a 1972. Jirginsa na farko, Mardi Gras, a ranar fitarsa ta farko ya kafe a yashi bai bar bakin Miami ba. Daga nan suka ɗauki hanyar sayar da nishaɗi mai sauƙin kuɗi ga mutanen da a da suke ganin tafiyar ruwa ta attajirai ce. Su da kansu suka zaɓi wannan suna na masu nishaɗi da araha, kuma ya kawo musu arziki. Abin da ya ɓata shi daban ne. A Fabrairun 2013 wuta ta tashi a ɗakin injin Carnival Triumph a Tekun Mekziko, lantarki ya ɗauke, bandakuna suka daina aiki, mutane sama da 4,000 suka yi kwanaki cikin zafi da wari kafin a jawo jirgin zuwa Mobile a jihar Alabama. Shekara guda kafin nan, ranar 13 ga Janairun 2012, Costa Concordia ya daki dutse a gefen tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu. Costa kuwa, kamfanin da ke da jirgin, a ƙarƙashin uwar kamfanin Carnival yake, tare da Princess, Holland America, Cunard, AIDA da sauransu.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ka gama min aiki. Ƙara da tarar dala miliyan 40 da aka ci Princess a 2016 saboda zubar da gurɓataccen ruwa mai haɗe da mai a teku ta ɓoyayyen bututu, da wata miliyan 20 a 2019 saboda karya sharuɗɗan kotu. Duk gida ɗaya ne.

Dattijo: Kada ka yi gaggawa, Injiniya, ban kai aya ba. Royal Caribbean ɗinka an ci shi tarar dala miliyan 9 a 1998, aka sake cin sa miliyan 18 a 1999, kan zubar da ruwan mai a teku da yi wa hukumomin Amurka ƙarya a cikin takardun jirgi. In da tarihin ƙazanta za mu auna, babu mai wankakken hannu. Bambancin shi ne nasa ya tsufa, masu hawa yanzu da yawa ba a haife su ba lokacin. Batun Concordia kuwa, kotun Italiya ta ɗaure kyaftin ɗin, Francesco Schettino, shekara 16, saboda shi ya kusanta jirgin da gaɓa kuma ya bar shi kafin fasinja su gama sauka. Bayan haɗarin aka tsaurara dokar ƙasa da ƙasa, aka ce atisayen ceto a yi shi kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi, ba a jira har awa 24 kamar da ba. Dokar nan kowa ta hau kansa.

Hajiya Babba: Baba, to ni abin da ke damuna tsafta ce. Tun labarin Diamond Princess a Yokohama a 2020, da mutum sama da 700 suka kamu da korona, nake jin tsoro. Akwai kamfanin da ya fi wani a nan?

Mai Lissafi: Hajiya, wannan ma jirgi ake dubawa, ba kamfani ba. Hukumar CDC, mai yaƙi da cututtuka a Amurka, tana da shirin binciken tsaftar jiragen da ke shiga tashoshin ƙasar. Sukan hau ba sanarwa, su duba kicin, ruwan sha, wuraren iyo da ajiyar abinci, su ba da maki cikin 100. Wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi. Sakamakon kowane jirgi a buɗe yake da sunansa. Za ki ga jirage biyu na kamfani ɗaya, wannan ya ci 100, wancan da ƙyar ya tsallake. Kafin ki biya, ki nemi makin jirgin da za ki hau, shi ya fi miki amfani fiye da tallar kamfani.

Baƙon Ruwa: Tunda babu wanda ya tsaya wa MSC, bari ni in tsaya. Kamfanin iyalan Aponte ne, hedikwatarsa a Geneva, tushensa Italiya, kuma kasuwarsa ta asali Bahar Rum ce. Yawancin sharhin da mutane ke karantawa a intanet Amurkawa ne ke rubuta shi, da ma'aunin abin da suka saba. Suna ƙorafin cewa ana maimaita sanarwa a harsuna da yawa, cewa ma'aikata ba sa yawan fara'a da jan hira, cewa abincin dare na ɗaukar lokaci. Ga Bature ɗan Italiya ko Sifen, wannan shi ne daidai. Sannan a Bahar Rum jiragensu na ɗaukar fasinja a tashoshi da dama, wasu su hau a Genoa, wasu a Marseille, wasu a Barcelona, don haka kusan kullum akwai masu shiga da masu fita da akwatuna. Wani zai ga rashin tsari, ni kuwa sauƙi na gani, don mutum zai hau a inda ya fi masa kusa.

Injiniya: Duk wannan bayani ne mai kyau, amma araha ba ta ado. In tikiti ya yi ƙasa sosai, wani wuri aka rage.

Uwar Biyu: Ko kuma wani wuri za a ƙwato. Yaya Injiniya, farashin da ke kan talla ba shi ne kuɗin tafiya ba, a dukkansu. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kowace rana, wanda a manyan kamfanonin Amurka yake tsakanin dala 16 zuwa 20. Ninka shi da mutum huɗu da kwana bakwai ka gani. Intanet da kuɗinsa, lemon kwalba da kofi na musamman da kuɗinsu, gidajen abincin da ba sa cikin tikiti da kuɗinsu, yawon da ake kai mutane a tasha da kuɗinsa. Kuma sababbin manyan jiragen da kake yabo su ne tikitinsu ya fi tsada tun farko. Ko a tsibirinsu na CocoCay, rairayi da abincin rana kyauta ne, amma babban wurin wasan ruwa sai ka sake biya. Uwa ta hana ɗanta abin da yake gani da idonsa? Sun san da haka.

Baƙon Ruwa: Maganar tsibiri ma abin dariya ce. CocoCay na Royal Caribbean da Great Stirrup Cay na Norwegian maƙwabtan juna ne a Bahamas, daga ɗaya kana hango ɗayan. MSC na da Ocean Cay tun 2019, Carnival ya buɗe Celebration Key a 2025. Ruwa ɗaya, rana ɗaya.

Mai Lissafi: Har maƙeran ma ɗaya ne. Masana'antar Meyer da ke Turku a Finland ita ta ƙera Icon of the Seas, ita kuma ta ƙera sabon Mardi Gras na Carnival. Chantiers de l'Atlantique a Saint-Nazaire ta Faransa ta ƙera Symphony da Wonder na Royal Caribbean, ta ƙera MSC World Europa. Ma'aikatan da ke gyara ɗaki da kai abinci, yawancinsu daga Filifins, Indonesiya da Indiya suke, kan kwantiragin watanni ba hutun mako, kuma sukan bar wannan kamfani su koma wancan. Tutocin da jiragen ke ɗagawa galibi na Bahamas ne ko Panama ko Malta. Ban ce babu bambanci ba. Norwegian tun 2000 ya saki dokar lokacin cin abinci da tufafin dole, wanda ba ya son a tsara masa rana zai fi jin daɗinsa. Royal Caribbean ya fi zuba kuɗi a wasannin dandamali da kayan wasa. Amma wannan bambancin ɗanɗano ne, ba matakin daraja ba.

Hajiya Babba: To wanda yake son shiru fa, kuma ba shi da kuɗin jiragen alfarma?

Baƙon Ruwa: Hajiya, hanya biyu. Ko dai ki ɗauki keɓaɓɓen sashe a cikin babban jirgi, irin Yacht Club na MSC ko The Haven na Norwegian, mai nasa ɗakin abinci da wurin iyo da ƙofar da sai da kati, ko ki hau mataki ɗaya sama zuwa kamfanoni irin Celebrity, Princess ko Holland America. Ki kwatanta farashi, don wani lokacin keɓaɓɓen sashen ya fi ɗaki mai baranda a waɗancan tsada. Kuɗin dai sau da yawa aljihu ɗaya yake komawa, tunda Celebrity na Royal Caribbean ne.

Injiniya: Na ji duka, kuma ina nan a kan bakana. Ku ajiye tarihi da tuta a gefe. Ku kawo mini jirgi ɗaya na Carnival ko MSC da zai tsaya gaban Icon wajen abin da fasinja zai gani ya yi a cikin kwana bakwai.

Uwar Biyu: Yaya, kai ka zaɓi mafi kyawun jirginsu ka kira shi da sunan kamfani gaba ɗaya. Royal Caribbean na da jirage sama da 25. Bari ni ma in zaɓa. Ni in hau Mardi Gras na Carnival da ya fara aiki a 2021, kai ka hau Grandeur of the Seas na Royal Caribbean, ƙirar 1996. Tambarin da kake so na jikinsa. Ka yarda?

Injiniya: Wannan ba adalci ba ne, Uwar Biyu, tsakaninsu shekara 25.

Uwar Biyu: Kamfanin bai daina sayar da tikitinsa ba, kuma a shafinsu na intanet yana jere da Icon ɗin.