A Harbe Su Ko a Bar Su? Muhawara Kan Giwa da Manomi

Malam Garba: Assalamu alaikum. Ga wata magana zan ajiye, mai ja ya ja. Duk inda giwaye suka yi wa mutane yawa, a ba da izinin harbe wasu, kuɗin izinin a ba mutanen wurin. Botswana na da giwaye wajen 130,000, ta fi kowace ƙasa a duniya. A 2014 ta hana farauta, a 2019 ta dawo da ita saboda kukan manoma. Da Jamus ta fara zancen tsaurara shigo da abin da mafarauta ke komawa da shi gida, a 2024, shugaban Botswana na lokacin, Masisi, cewa ya yi zai aika musu giwaye 20,000 su zauna da su, su ji yadda ake ji. Ni ina bayansa.

Hajiya Ladi: Wa alaikumus salam. Malam, Botswana ka ɗauka ka auna Afirka da ita, ai ba haka ake awo ba. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta raba giwar Afirka gida biyu. Ta cikin kurmi ta ragu da sama da kashi 86 cikin 100 a shekara 31, ta cikin sarari kuma aƙalla kashi 60 a shekara 50. Najeriya gaba ɗayanta ba ta da giwa 400, garken Yankari wajen 100 ne. Wace za ka harbe a ciki?

Malam Garba: Hajiya, ai na ce inda suka yi yawa.

Hajiya Ladi: Na ji. Amma harsashi bai san iyakar ƙasa ba, haure kuma ba ya zuwa kasuwa da takardar haihuwa. Da an buɗe ƙofa a kudancin Afirka, ɗan sumoga ya samu inuwar fakewa a ko'ina.

Baba Audu: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni an yi mini, ba labari na ji ba. Dare ɗaya suka shigo, saura mako biyu girbi. Mun buga gwangwani, mun kunna wuta, mun yi ihu har murya ta dushe, uwar garken ko waiwayo ba ta yi ba. Da gari ya waye, abin da ba su ci ba sun tattake. Jami'ai suka zo, suka auna, suka rubuta, suka ɗauki hoto. Diyya har yau shiru. Da ni na harbi ɗaya, kafin azahar an zo da ankwa. Wannan shi ke cin rai: ran giwa na da doka, guminka ba shi da ita.

Hajiya Ladi: Allah ya mayar da alheri, Baba. Wallahi ban raina wannan ba.

Baba Audu: Amin, 'yata. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi.

Injiniya Bala: Baba ya taɓo inda ke ciwo. Sai dai, Malam Garba, akwai abin da ka haɗa wanda ba ɗaya ba ne. Mai biyan kuɗi ya zo farauta, toron giwa mai manyan haure yake nema, ba wadda ta shiga gonar Baba ba. Kuma 'yan ɗaruruwan da ake ba da izini a shekara ba sa rage garken dubu ɗari da talatin. Idan ragewa ake so da gaske, sai an kashe dubbai, iyali guda guda, kuma an taɓa gwadawa. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu an kashe wajen 14,000 tsakanin 1967 da 1994. Marayun da aka bari aka kai wasu gandun Pilanesberg. Da suka taso babu manya a kansu, sai samarin suka shiga kashe karkanda. Ba su natsu ba sai da aka kawo musu manyan toraye. Giwa dabba ce mai tarbiyya, babba ke nuna wa ƙarami hanyar ruwa da abin da ba a yi. Ka ɗauke dattawan, ka bar wa manomi 'yan ta'adda.

Malam Garba: To ai ban ce a yi irin na Kruger ba. Kuɗin nake magana. Mutum ba ya tsare abin da ba ya amfanarsa. Namibiya ta ba al'ummomin karkara iko da namun dajinsu tun 1996, suna samun rabo daga yawon buɗe ido da farauta, kuma giwayensu ƙaruwa suka yi.

Injiniya Bala: Wannan na yarda da shi, in kuɗin ya sauko ƙasa. Sau da yawa a hanya yake maƙalewa.

Zainabu: Kenya fa? Tun 1977 ta hana farautar, kuma giwayenta sun farfaɗo, sun haura 36,000 a ƙidayar 2021. Ke nan ba dole sai da bindiga ba. Can ne ma aka gano giwa na tsoron ƙudan zuma, don yana harbinta a ido da cikin hanci. Sai ake rataye amya a kewaye gona, a haɗa su da waya. Ta taɓa wayar, amya ta girgiza, ta juya. Manomi ya tsira da amfaninsa, ga zuma kuma.

Baba Audu: Zainabu, zuma na zama a amya lokacin fari?

Zainabu: A'a, Baba, gaskiya in fari ya yi tsanani ƙudan kan gudu.

Baba Audu: To lokacin ne kuma giwa ta fi matsuwa. Barkono ma mun gwada, muna shafa wa igiya da baƙin mai. Yana aiki, sai ruwan sama ya wanke, ko su gane ta inda babu. Dabbar nan ta fi wasu mutanen wayo, kada ki ji komai.

Hajiya Ladi: Amma Baba, a faɗi gaskiya, wa ya tarar da wani? Giwa na cin abin da ya kai kilo 150 a rana, dole ta yi tafiya. Tana da hanyoyinta kamar yadda shanu ke da burtali, kaka da kakanni a nan suke bi. Mu muka nome hanyar, muka yi titi, muka kafa gari a bakin mashaya. Giwayen Gourma a Mali zagaye suke yi na ɗaruruwan kilomita duk shekara suna bin ruwa. Toshe musu wuri ɗaya, su ɓullo ta gonar wani.

Baba Audu: Ni ban nome hanyar kowa ba. Gonar gado ce. Gandun ne aka shata daga baya, ba a tambaye mu ba.

Malam Garba: Kin ji ko, Hajiya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniya Bala: Duk biyun na faruwa, ya danganta da wuri. Kwashe su a kai wani daji ma ba ya raba gardama. A 2022 Malawi ta kwashe sama da 250 daga gandun Liwonde zuwa na Kasungu, ba a jima ba ƙauyukan kan iyakar Zambiya suka fara kukan ɓarna da asarar rayuka. Kuma ba Afirka kaɗai ba ce, a Indiya ɗaruruwan mutane ke mutuwa duk shekara a irin wannan arangama.

Zainabu: Ni abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa gandun Zakouma ne a Chadi. Daga giwaye wajen 4,000 a 2002 suka koma ƙasa da 500 a 2010, mahara a kan dawakai suka kusa ƙarar da su. Tsoro ya sa har haihuwa suka daina. Da aka gyara tsaro, aka jawo mutanen kewaye ana musayar labari da su ta rediyo, sai ga 'ya'ya sun dawo. Amma cikin giwa wata 22 ne, sai kuma shekara huɗu ko biyar kafin wani. Abin da aka kashe a damina ɗaya sai a shekara ashirin ba a mayar ba. Shi ya sa kalmar "a harbe" ke ba ni tsoro, Malam.

Malam Garba: To bari in gyara maganata. A Yankari da Zakouma ko gashin jelarta kada a taɓa. A Botswana kuwa a bar 'yan ƙasar su yanke wa kansu. Wanda ba ya kwana da fargabar giwa a bayan ɗakinsa kada ya yi musu doka daga nesa.

Hajiya Ladi: Rabin farko na karɓa. Na biyun, da sharaɗin haure ba zai koma kasuwa ba. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, Sin ta rufe kasuwarta a ƙarshen 2017, kada mu koma gidan jiya.

Malam Garba: Tarin hauren da ke rumbunan gwamnatocin kudancin Afirka fa, wanda giwayen suka mutu da kansu? A ƙone, kamar tan 105 da Kenya ta cinna wa wuta a 2016? Da kuɗinsa ba a biya irin su Baba diyya ba?

Hajiya Ladi: An gwada sayarwa a 2008, kisan da ya biyo baya kowa ya gani.

Malam Garba: Ko masana ba su daidaita kan cewa sayarwar ce ta jawo ba.

Baba Audu: Ku dai ci gaba. Ni damina ta kusa, kuma har yanzu ban ji wanda ya ce ga wanda zai taya ni gadi da dare ba.