Neman kalmar Hausa: me za mu kira sinigang na ƙasar Filifin?

Tafinta:
Assalamu alaikum. Ana haɗa ɗan littafin jagora da Hausa domin masu zuwa Manila, 'yan kasuwa da ɗalibai da masu yawon buɗe ido, sai aka cije a kan kalma ɗaya a babin abinci: sinigang. Da wuya mutum ya shiga gidan abinci a can bai gan shi ba. Ruwa-ruwa ne mai tsami, da nama ko kifi da ganye da kayan lambu, ana kawo shi da zafinsa tare da farar shinkafa. Sunan da ya fara zuwa shi ne miyar tsamiya. Malamai da iyayenmu mata masana tukunya, ku duba mana, ya dace ko akwai wanda ya fi shi?

Uwar Tukunya:
Wa alaikumus salam Malam. Miya dai ba ta dace ba. Duk wadda ta ji miya za ta sa ran abu mai kauri ko yauƙi wanda loma za ta ɗauko, an kaɗa shi ko an soya masa kayan miya da mai. Shi kuwa sinigang ba a soya masa komai, ba a niƙa tattasai, ba manja ba man gyaɗa. Komai a ruwa ake zuba shi ya dahu, kuma in ka leƙa kwanon kana hango kuɓewa da yankan tumatir a kwance a ƙasa. Da cokali ake kurɓarsa, ana ɗan zuba shi a kan shinkafa loma-loma.

Bari in faɗi yadda ake dafa na naman sa, sunan zai fi sauƙin fitowa. Haƙarƙari kilo 1, ruwa lita 2 da rabi. Da yawan mutanen Filifin da ruwan wankin shinkafa suke dafawa, wanki na biyu, domin ya ba romon ɗan jiki. A ɗora naman, in ya tafaso a kwashe kumfar tas, a jefa albasa babba 1 da tumatir 3 an raba kowanne huɗu, a rage wuta ya yi awa 1 da rabi zuwa 2. A wata 'yar tukunya a dafa ɗanyar tsamiya giram 300, wadda ba ta nuna ba, cikinta kore. Minti 15 ta yi laushi ta fashe, a murje ta da bayan ludayi a cikin ruwanta, a tace. Kada a fasa ƙwallayen, bauri suke kawowa. In nama ya yi laushi a sa gwaza ƙanana 3 su yi minti 15, sannan a juye ruwan tsamiyar. Daga nan kayan lambu ke shiga bi da bi gwargwadon taurinsu: wata farar saiwa mai siffar karas da suke kira labanos, dogon ɗanyen wake, dogon yalo 2, kuɓewa 8, da koren barkono dogo 2 ba a fasa ba. Gishirinsa patis ne, ruwan kifin da aka tsima da gishiri, cokali 2 zuwa 3. Ganyen kangkong, wani ganyensu da ke fitowa a bakin ruwa, shi ne na ƙarshe, a zuba, a rufe, a kashe wuta, tururi ya ƙarasa shi.

Ɗan Tireda:
Hajiya, to ai wannan farfesu ne. A ce farfesun tsamiya mana, kowa ya san farfesu ruwa-ruwa ne da nama.

Uwar Tukunya:
A'a ɗana. Abin da ya sa farfesu ya zama farfesu yaji ne: attaruhu, citta, masoro, kanumfari, kimba. Sinigang yawanci ba ya da ko ɗaya. Barkonon nan biyu ƙamshi kawai suke bayarwa, mai son yaji shi ne zai tsamo ɗaya ya murje a ɗan kwanon patis ɗinsa. In ka ce wa matafiyi farfesu, zai kurɓa yana jiran zafi a maƙogwaro sai tsami ya tare shi, ya ɗauka abincin ne ya lalace.

Malamin Nahawu:
Na goyi bayan Hajiya, kalmar da ta rage mana ita ce romo. Amma a duba yadda su masu abin suke gina sunan. A harshen Tagalog tushen kalmar sigang ne, dafa abu a ruwa, sinigang kuma abin da aka dafa haka. Babu tsamiya a cikin sunan. Shi ya sa suke ƙara bayani biyu a bayansa. Abin da ya biyo bayan kalmar "na" shi ne naman, abin da ya biyo bayan kalmar "sa" shi ne abin da aka tsamama romon da shi. Sinigang na baka sa sampalok, na naman sa da tsamiya. Sinigang na bangus sa bayabas, na kifin bangus da gwaiba. Akwai na ɗanyen mangwaro, akwai na kamias, wani ɗan itace kore mai tsananin tsami, akwai na ƙaramin lemon tsaminsu calamansi. Tunda abin tsamin yana canzawa, shawarata romon tsami, domin ya game dukkansu.

Yayar Masu Abinci:
Malam, a nahawu maganarka daidai ce, amma a kunnen mai girki akwai matsala babba. In aka ce romo ya yi tsami, ai ya kwana ba a ɗumama ba ke nan, sai zubarwa. Tsami a jikin kunu ko fura ko nono abin so ne, amma a jikin romon nama alamar lalacewa ce. Ka rubuta romon tsami a littafin matafiya, ba wanda zai yi marmarinsa. Tsamiya kuwa sunanta tsarkakakke ne a wurinmu, ga kunun tsamiya da ake buɗe-baki da shi, kowa ya san tsaminta na gangan ne. Kuma ita ce aka fi amfani da ita a can ma. In ba a faɗi abin tsamin ba, tsamiya ake nufi, har garin da ake sayarwa a leda a kowane kanti na tsamiya ne ya fi yawa. Ni romon tsamiya na zaɓa.

Ga waɗanda za su gwada a gida kuma, abubuwa huɗu ne ke ɓata shi. Na farko zuba tsamiyar da wuri. Tsami yana hana gwaza laushi, sai ki ga an yi awa ana dafawa gwazar na nan gagau. Na biyu yanka kuɓewa. Kan kawai ake datsewa ba tare da an buɗe cikin ba, in aka yayyanka ta romon ya koma yauƙi. Na uku kanwa. Hannunmu ya saba jefa 'yar kanwa in tumatir ko yakuwa sun yi tsami, a nan kuwa ita ce za ta kashe abin da ake nema, romon ya yi lami. Na huɗu busasshiyar tsamiyarmu ta kasuwa. Tana aiki, amma ta nuna, saboda haka romon zai yi duhu da ɗan zaƙi-zaƙi. A jiƙa giram 80 zuwa 100 a ruwan ɗumi, a tace, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa, a ƙarasa da matsin lemon tsami bayan an sauke. Alayyahu yana maye gurbin kangkong. In da kifi ne minti 8 zuwa 10 ya isa, jatan lande minti 3 zuwa 4, ya wuce haka kifi ya farfashe, jatan lande ya yi tauri. Tukunyar ƙarfe mara tsatsa ta fi ta dalma, don tsami yana cin dalma har a ji a baki.

Malamin Nahawu:
Yaya, na karɓi hujjar lalacewar, ta fi tawa ƙarfi. To na gwaiba fa? Ba za a ce romon tsamiya na gwaiba ba.

Yayar Masu Abinci:
Sai a cire tsamiya a sa sunan ɗan itacen: romon gwaiba, romon ɗanyen mangwaro. Na gwaiba ma dama ɗanɗanonsa daban ne, nunanniya ake sawa, tsaminsa kaɗan ne, ya fi kauri da zaƙi. Ya cancanci sunansa shi kaɗai.

Jagoran Matafiya:
Kowane suna aka tsayar, ina roƙon kada a taɓa rubuta shi tsirara ba tare da sunan naman ba. Wannan ya fi komai muhimmanci ga mai karatunmu. Mafi yawan mutanen Filifin Kiristoci ne, kuma sinigang ɗin da ya fi yawa a Manila na alade ne. A ƙananan gidajen abincin bakin titi da suke kira karinderya ko turo-turo, wato nuna-nuna, tukwane ne a jere mutum ya nuna wadda yake so, sau da yawa babu rubutu, kuma haƙarƙarin alade a cikin romo ba kowa ke bambanta shi da na sa ba. Kalmomi shida ne matafiyi zai haddace: baboy alade, baka sa, manok kaza, kambing akuya, isda kifi, hipon jatan lande. Baboy da baka farkonsu ɗaya, a hayaniyar kasuwa ana iya jin wannan a ɗauka wancan, saboda haka a maimaita. Tambayar ita ce "May baboy ba ito?", akwai alade a cikin wannan? Amsar da ake so "Wala", babu. Ko an ce na kifi ne a sake tambaya game da dunƙulen magi, domin akwai wanda ake yi da ɗanɗanon alade, kuma ludayi ɗaya yakan zagaya tukwane.

Wanda ke son hankalinsa ya kwanta, hanya biyu ce. Ta farko unguwar Quiapo, inda Masallacin Zinare yake a titin Globo de Oro, wanda aka gina a 1976. Kewayensa gidajen abincin halal ne na Musulmin kudancin ƙasar. Ana iya haɗa shi da ziyarar Intramuros a yini ɗaya: a shiga tsohon birnin mai ganuwa da Sifaniyawa suka kafa a 1571 da safe kafin rana ta yi zafi, a ga Fort Santiago, wanda aka gina a gurbin sansanin Rajah Sulayman, sarkin Manila Musulmi, kuma a nan aka tsare José Rizal, gwarzon ƙasar, kafin a kashe shi a 1896. Daga nan a tsallaka kogin Pasig zuwa Quiapo a yi azahar a ci abinci. Ta biyu kasuwannin kifi da ake kira dampa, irin na titin Macapagal a Pasay. Mutum ya sayi ɗanyen jatan lande ko kifi da kansa a kan sikeli, ya kai gidan abincin da ke gefe ya biya kuɗin dahuwa, abin da suke kira paluto. A nan zai iya cewa a yi masa sinigang na hipon, ban da magin alade. A tambayi kuɗin dahuwar kowane kilo kafin a miƙa kifin, don daban yake da kuɗin saye.

Ɗan Tireda:
Yallaɓai, in an ce romo, yaya za a raba shi da bulalo? Shi ma ai romon sa ne.

Jagoran Matafiya:
Romon ya zama gida, kowanne da ɗakinsa. Bulalo ƙashin ƙwaurin sa ne da ɓargonsa, a dafa shi awa 3 ko fiye da masara da kabeji, babu tsami ko kaɗan. Garin da ya yi suna da shi Tagaytay ne, kimanin kilomita 60 kudu da Manila, inda ake zama a kan tudu ana hangen tafkin Taal da dutsen nan mai aman wuta a tsakiyarsa, wanda ya yi aman da ya rufe yankin da toka a Janairun 2020. Wurin akwai sanyi, shi ya sa romon ke shiga. A sha shi da wuri, in ya huce kitsen yana daskarewa a leɓe. Wannan romon ɓargo ne. Tiyula itum na mutanen Tausug na tsibiran Sulu kuwa, naman sa ko na akuya ne da aka dafa da kwakwar da aka ƙona ta yi baƙi ƙirin aka niƙa, da citta da kurkur, kuma sunan nasa ma baƙin romo yake nufi, sai a bar shi haka. Wanda zai ɗan ba da wahala kansi ne na biranen Bacolod da Iloilo, ƙashi da ɓargo irin na bulalo amma an tsamama shi da wani ɗan itace batwan. Shi sai a ce romon ɓargo mai ɗan tsami, tunda batwan ba mu da shi.

Uwar Tukunya:
A kula kuma kada a sa paksiw a wannan layin. Shi da ruwan khal ake dafa shi, ruwansa kaɗan ne. Sinigang ba a sa masa khal, tsaminsa daga 'ya'yan itace yake fitowa.

Tafinta:
Allah ya saka da alheri. Ga yadda zai shiga littafin: romon tsamiya, da sunan naman a manne ko da yaushe, romon tsamiya na sa, na kifi, na jatan lande. In abin tsamin ya canza, sunan ya bi shi, kamar romon gwaiba na kifi. A ambato na farko za a rubuta sinigang da harafinsa yadda yake a allon gidajen abinci, domin shi matafiyi zai gani kuma shi zai furta.

Jagoran Matafiya:
Malam, a ƙara na alade a jerin, a rubuta shi ɓaro-ɓaro kusa da sinigang na baboy. Wasu za su so a tsallake shi don kawaici, alhali shi ne wanda mai karatu ya fi buƙatar ya gane in ya gan shi a rubuce.