Giyar inabin Faransa da ake cewa ba a sa mata hannu ba: ina gaskiyar maganar?

Ɗan Damagaram:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatun kimiyyar sarrafa abinci, kuma a darasin tsimuwa an ba mu aiki a kan giyar inabi ta Faransa. Hukuncinta a addini sananne ne, don haka tambayata ta tsaya a kan ilimin da ke cikin sana'ar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wasu manoman can da ke cewa tasu giyar ta asali ce, ba sa zuba komai cikin ruwan inabi kuma ba sa cire komai, har suna da'awar cewa ta haka ne kaɗai halin ƙasar gonar da inabin ya fito yake bayyana a baki. To, me sauran suke zubawa wanda waɗannan suka ƙi? Kuma idan gaskiya suka faɗa, ta yaya manyan gidajen giya na yankunan Bordo da Burgundi, waɗanda suka yi suna tun kafin a haifi wannan salo, suka samu nasu halin?

Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Idan aka matse inabi aka ajiye, yistin da ke jikin ɓawonsa da wanda ke cikin ɗakin ajiya zai cinye sukarin ya mai da shi barasa ba tare da an roƙe shi ba. Matsalar ita ce ba shi kaɗai ne a cikin tukunyar ba, akwai ƙwayoyin halitta da za su iya mai da ruwan ya zama khal ko su sa shi wari. Louis Pasteur ne ya fayyace wannan a binciken da ya wallafa a 1866, kuma tun daga nan sana'ar ta karkata ga tsare giya daga lalacewa. Shi ya sa dokar Turai ta halatta zuba busasshen yisti na kanti, da ƙara sukari idan inabi bai nuna sosai ba, da gyara tsami, da share ruwan da farin ƙwai ko wani laka na musamman, da tacewa, sannan uwa uba sinadarin farar wuta, wanda ke kashe ƙwayoyin ɓarna yana kuma hana iska ɓata giyar. Doka ta yarda da miligiram 150 a kowace lita ta jar giya marar zaƙi, da 200 a fara.

Boren masu ƙin waɗannan ƙare-ƙare ya faro ne daga yankin Bojole, arewa da birnin Liyon. A shekarun 1970 da 1980 kasuwar sabuwar giyar Bojole ta buɗe sosai, aka riƙa fesa maganin ciyawa, ana tsinke inabi da yawa tun bai gama nuna ba, a cike giɓin da sukari, sannan a zuba wani yisti mai lamba 71B wanda ke sa giya ƙamshin ayaba. Sai ya zama gona ɗari, ƙamshi ɗaya. A wannan yankin akwai wani dattijo, Jules Chauvet, ɗan kasuwar giya kuma masanin kimiyyar sinadarai, wanda ya rasu a 1989. Shi ne ya nuna cewa idan inabi lafiyayye ne, ya nuna sarai, aka kuma kula da tsabta da sanyi, za a iya tsima shi da yistinsa na gida ba tare da farar wuta ba. Marcel Lapierre na ƙauyen Villié-Morgon ya bi wannan hanya tun farkon shekarun 1980, abokansa Jean Foillard da Guy Breton da Jean-Paul Thévenet suka mara masa baya. Bambancin kamar na kindirmon da Bafillatana ta kwantar a ƙwaryarta ne da yogot na kamfani: na farko kowace ƙwarya da ɗanɗanonta, wata rana ma ya ƙi kwanciya, na biyu kuwa kullum iri ɗaya ne.

An daɗe ba ƙa'ida a rubuce. Sai a 2020 hukumomin Faransa suka amince da tambarin "Vin méthode nature", wanda sharuɗɗansa su ne noma ba sinadaran kamfani, tsinka da hannu, yistin gida kawai, ba ƙari ba gyara da na'ura, kuma farar wuta kada ta wuce miligiram 30 a lita.

Bahaushen Liyon:

Malam, Allah ya ƙara basira, bayaninka ya gamsar, sai dai ina da ja a kan da'awar manoman. Ni Kirista ne, a gidan cin abinci nake aiki a nan, kuma ɗanɗana abin da za a kai wa baƙi yana cikin aikina. Idan giyar Morgon ta hannun gwani ta zo lafiya, ba shakka tana da wani rai: launinta ja ne mai ɗan gurɓi, ba ta ƙyalli kamar wadda aka tace, wani lokaci takan ɗan tsattsaki harshe saboda iskar tsimuwa da aka bari a ciki, ƙamshinta kuma na 'ya'yan itace ne ɗanye. Amma akwai kwalaben da kana buɗewa warin garke zai buge ka, wanda aikin wani yisti ne mai suna Brettanomyces, wasu kuma su yi tsamin khal. Mafi muni shi ne abin da ake kira ɗanɗanon ɓera, wanda hanci ba ya jin sa a kofi, sai ka haɗiye ka ɗan dakata sannan ya taso daga maƙogwaro. Idan waɗannan aibobi suka yi yawa, ta yankin Jura da ta kogin Luwar duk ɗaya suke zama a baki, ka ga ke nan an gudu daga kama ɗaya an faɗa wata. Ina halin ƙasa a nan?

Shi kansa gidan Lapierre yana ɗura iri biyu, ɗaya ba farar wuta, ɗaya da ɗan kaɗan, saboda wadda ba ta da kariya ba ta jure zafi da doguwar tafiya. A bar ta cikin kwantena a tashar ruwan Kwatano, an gama da ita.

Game da tambayarka ta biyu, ɗan'uwa Ɗan Damagaram, halin giyar Burgundi ya girmi wannan gardama da ƙarnuka. Tun a ƙarni na 12 sufayen Kirista suka fara noma a gonar inabi ta Clos de Vougeot, kuma a hankali aka rarraba gangaren yankin zuwa filaye 1,247 masu suna da iyaka, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Kusan duk jar giyar wurin daga irin inabi ɗaya ce, Pinot Noir, amma fili biyu da hanyar amalanke kawai ta raba sukan ba da giya daban da farashi daban. Gidaje kamar Romanée-Conti da Leroy sun daɗe da barin takin zamani da maganin ciyawa, amma ba a lissafa su cikin 'yan wannan tafiya. A ganina gwaninta ita ce sanin lokacin da za a janye hannu da lokacin da za a sa shi, ba rantsuwa cewa ba za a taɓa sa shi ba.

Injiniyar Gona:

Ina so in ja hankali zuwa gona, domin a can ne maganar rashin sa hannu take rushewa. Tun da ƙwaron filoksera ya cinye gonakin Faransa daga shekarun 1860, kusan kowace kurangar inabi a ƙasar an yi mata aure ne da saiwar inabin Amurka. Manomin da ya bar maganin ciyawa kuwa dole ya koma garma da fartanya, wasu har da doki, ya kuma riƙa zagaya gona yana cire ruɓaɓɓun nonna ɗaya bayan ɗaya, domin ba shi da sinadarin da zai rufe masa asiri a ɗakin tsimi. Cutar fumfuna ba ta san aƙida ba, don haka su ma suna fesa haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa da masanin tsirrai Millardet ya fito da shi a Bordo a shekarun 1880. Jan ƙarfe yana taruwa a ƙasa yana cutar da tana, shi ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai. A shekara mai ruwa da jaura irin 2021, masu wannan noma da yawa sun yi asara mai tsanani.

Sannan ka yi hattara da zancen cewa ana jin ɗanɗanon dutse a giya. Abin da kimiyya ta fi tabbatarwa shi ne ƙasa tana aiki ta hanyar ruwa da zafi da abincin shuka: yadda take riƙe damshi ko zubar da shi, zurfin da saiwa ke kaiwa, da rana da gangaren ke samu. Waɗannan ne ke sa 'ya'yan su yi ƙanana ko manya, su nuna da wuri ko a makare.

Ɗan Damagaram:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya, Malam: me ya sa da yawa daga cikin waɗannan kwalabe ba sa ɗauke da sunan yanki, sai "Vin de France" kawai, wato giyar Faransa, alhali su ne masu zancen halin ƙasar gona?

Malamin Kimiyya:

Tun 1935 Faransa ke da tsarin kare sunan yanki, wanda hukumar INAO ke kula da shi. Kafin giya ta ɗauki sunan yankinta dole ta bi ƙa'idar irin inabi da yawan amfanin gona, kuma masu ɗanɗano za su iya ƙin ta idan suka ga tana da aibi ko ba ta yi kama da na yankin ba. Giya mai gurɓi ko mai ɗan tsami takan faɗi a nan, wasu manoman kuma da kansu suke ficewa don su shuka abin da suka ga dama. Sai su koma rukunin "Vin de France", wanda ba a yarda a rubuta sunan ƙauye ko yanki a kansa ba. Don aikinka, ka nemi kwalaben sababbin girbi, domin dokar Turai da ta fara aiki a Disamban 2023 ta wajabta bayyana kayan haɗin giya, galibi ta lambar da ake ɗauka da waya. Ka ɗauki jerin kayan haɗin gida biyu na yanki ɗaya ka kwatanta su.