Ɗinkin shigar 'yan glam rock ta shekarun 1970: yadi, yanka da takalmi

Tela daga Agege:

Assalamu alaikum masu sana'a. An kawo min aikin wasu mawaƙa, maza uku da mace ɗaya, za su ɗauki hoto da shigar mawaƙan Ingila ta wajen 1971 zuwa 1974, irin ta Marc Bolan da David Bowie, wadda ake kira glam rock. Sun turo hotuna, har da bangon tsohuwar mujallar 'yan mata mai suna Jackie. Yadi nawa zai isa wando ɗaya, wane iri zan nema a kasuwar Balogun, kuma takalmin nan mai tudu a gwanjo ake samunsa ko sai an haɗa?

Usman Mai Almakashi, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka taɓa almakashi, raba hotunan gida biyu, don ba abu ɗaya ba ne. Na mawaƙa kayan dandamali ne: satin mai sheƙi, yadi mai zaren azurfa, ƙyalli a fuska irin wanda Bolan ya shafa a ƙarƙashin ido a talabijin ɗin BBC a 1971. Na Bowie kuwa wasu ma Kansai Yamamoto ɗan Japan ne ya tsara su a 1973, waɗannan kada ka ce za ka kwaikwaya, aikin ya fi kuɗin da za a biya ka. 'Yan matan bangon mujalla kayan zuwa kasuwa ne a jikinsu: riga mai dogon kwala, 'yar suwaita marar hannu a sama, dogon siket ko wando mai faɗin ƙafa. Ka tambaye su wanne suke so.

Batun wando, sirrin a yanka yake, ba a ƙyalli ba. Ƙugun ya hau har cibiya, ya kama cinya zuwa gwiwa, daga nan ya buɗe. Ga matsakaicin namiji, kewayen gwiwa inci 16 zuwa 17, bakin ƙafa inci 24 zuwa 26. Shi ne wanda dattawan Legas suke wa kirari da "keep Lagos clean", don yana share titi.

Inda ake ɓata shi: sai tela ya ƙara faɗin a gefen waje kawai. Da an sa, ƙafar za ta murɗe, ɗinkin gefe ya dawo gaba. Ja layi a tsakiyar ƙafar daidai da tsawon zaren yadin, ka raba ƙarin daidai wa daida, ciki da waje. Idan daga gwiwa zuwa ƙasa kana son ƙarin inci 8 a kewaye, kowane gefe na gaba da na baya inci 2 ke nan.

Yadi mai faɗin inci 60, biyu da rabi ya isa. Mai faɗin 45 kuwa sayi uku da rabi, saboda satin ba a juya masa kai. In ka yanka ƙafa ɗaya sama, ɗaya ƙasa don tsimin yadi, ido ba zai gane ba a shago, amma da hasken kyamara ya doke shi za ka ga ƙafa ɗaya ta fi duhu. Nemi satin mai nauyi irin na amare, mai laushin nan na shafi ba ya tsayawa, lanƙwamewa yake yi. Allura siririya lamba 9 ko 11, sabuwa, don mai dakusasshen baki tana jan zare. A kai shi wibin da zarar an yanka. Guga ta baya, wuta kaɗan, da ƙyallen auduga a tsakani, musamman mai zaren azurfa, roba ce aka yi wa fenti, narkewa take yi.

Kada ka yi kalmasa sai mai wandon ya tsaya da takalmin a ƙafarsa. Bakin ya rufe takalmin, ya bar rabin inci tsakaninsa da ƙasa.

Hajiya Mai Gwanjo, Katangowa:

Ɗana, riga da suwaita za ka iya dacewa da su a nan kasuwar Katangowa ko ta Yaba in ka zo da sassafe lokacin fasa dila, amma yawancin abin da ake cewa na da ne, sabon ɗinki ne da aka kwaikwaya. Duba lakabin wuya. In ka ga sunan yadin Crimplene ko Terylene, ko St Michael na kantin Marks & Spencer da tsohon rubutu, ka kusa. In akwai adireshin intanet a jiki, ajiye. In ka ga Biba, ka lura: ainihin kantin na Landan ya rufe a 1975, amma an sake fito da sunan daga baya, don haka suna kaɗai ba hujja ba ne.

Kada ka yarda da lambar saiz. Mai lamba 14 ta wancan zamani sai ta yi daidai da 10 ta yanzu, kuma ba ta da roba, ba ta miƙewa. Zo da tef ɗinka.

Takalmi dai ban ba ka shawarar na gwanjo ba. Tafin roba in ya tsufa, damshin Legas yana cinye shi ta ciki. A ido lafiya lau, taku goma ya ruguje kamar garin kwaki.

Mai Haɗa Takalmi, Mushin:

Gaskiyar Hajiya ce. Haɗawa ya fi. Sayi takalmin but na fata mai lafiyayyen sama, a ɓamɓare tafin, a jera falle-fallen mako, wato robar da ake yin tafin takalmi da ita, har tudun ya kai. Lissafin da ake mantawa: bambancin tsayin gaba da dunduniya dole ya zauna yadda takalmin ya zo. In asalin dunduniyarsa ta ɗara gaba da inci 2, ka yi wa gaba tudun inci 2, to dunduniya 4 za ta zama. In ka wuce haka, takalmin zai karye a tsakiya ko ya ture mai shi gaba.

Kowane falle a kankare shi da sanfefa, a shafa gam fuska biyu, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a buga da guduma. Mai gaggawar da ya manna shi da ɗanyen gam, a tsakiyar ɗaukar hoto zai buɗe baki. A fere ƙasan gaba ya ɗan ɗaga kamar rabin inci, don tudu ba ya lanƙwasa, in ya kwanta shamal mutum ba zai iya taku ba. A ƙarshe a naɗe gefen da fata mai ruwan azurfa ko zinare. A bar shi kwana ɗaya kafin a taka.

Tela daga Agege:

Allah ya saka da alheri. Saura zafi, Yaya Usman. Satin a ƙarƙashin fitilar hoto ai gumi zai fito fili.

Usman Mai Almakashi, Idi-Araba:

Zai fito kuwa, musamman a ja da shuɗi mai haske. Yi wa rigar shafin auduga mai sauƙi a baya da hammata, wandon kuma daga ƙugu zuwa gwiwa kawai, ka bar ƙasan ba shafi don ya yi lilo. Baƙi ya fi ɓoye gumi. Kuma ka ƙarfafa hantsar wandon da ɗinki biyu, can ne satin ke fara tsagewa in an durƙusa da gita.